Tsohuwar Camry Tana Cinye Albashina, Kuma Bakaniken Ɗan Kawuna Ne

Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar sakandare ne a Kano, ina da mata da 'ya'ya huɗu. A shekarar 2017 na sayi Toyota Camry ƙirar 2004 mai silinda huɗu, wadda ake kira Big Daddy, da kason da na samu daga gadon mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Shekaru da dama ba ta ba ni wahala ba, in ban da juye da taya da birki. Amma cikin watanni 14 da suka wuce ta tafasa sau uku, an canza lagireto da famfon ruwa, an sauke tof, wato kan injin, sau biyu an sa sabon gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin tof da gangar injin, an cire tamostat, an haɗa fanka kai-tsaye, kuma har yanzu ruwan lagireto yana raguwa, shan mai ya ƙaru, giya ma ta fara fizga. Ban riƙa rubutawa ba, amma a ƙiyasina na kashe wajen Naira 700,000, ciki har da kuɗin adashen maiɗakina da ta ba ni har sau biyu. Bakaniken ɗan kawuna ne, tare muka tashi, ina jin nauyin in tuhume shi ko in kai motar wani wuri, yanzu kuma ya ce sai an sayi injin Beljiyam. Maiɗakina ta ce in sayar mu huta, har ranmu ya ɓaci a kan maganar. Yayana ya ce in ci bashi in sayi Camry da ake kira Muscle. Mahaifiyarmu tana fama da ciwon suga da hawan jini, ni nake kai ta asibiti duk wata, kuma sau ɗaya motar ta tsaya da mu da tsakar rana tana ciki. Ina ganin idan na sayar kamar na watsar da abin da ya rage mini daga mahaifina ne, sannan ina jin kunyar komawa hawa Adaidaita Sahu a gaban ɗalibaina. Yaya zan yi?

Wani malami daga Kano

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan mahaifinku da rahama, Ya ba Hajiya lafiya, Ya kuma saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi da ita. Na karanta wasiƙarka fiye da sau ɗaya, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutum uku da suke ƙaunarka sun ba ka shawara iri uku, ɗaya ya ce a sayi inji, ɗaya ta ce a sayar, ɗaya ya ce a ci bashi, alhali kuwa har yau babu wanda ya auna motar nan ya nuna maka takamaiman inda ruwan yake bi yana fita. Wata 14 ke nan kana sayen magani ba tare da an yi gwajin cutar ba, kuma duk hukuncin da ka yanke kafin a yi wannan gwaji, ko na riƙewa ne ko na rabuwa, laluben duhu ne. Saboda haka zan fara da motar kanta, domin idan ka fahimci abin da mai yiwuwa yake damunta, maganar da za ka yi da kowane ɗaya daga cikin mutanen nan uku za ta zo maka da sauƙi.

Da farko ka cire wa ranka tunanin cewa ka yi wauta da ka saye ta. Camry da aka ƙera daga 2002 zuwa 2006 tana cikin motocin da suka yi suna da juriya a ƙasar nan, kayan gyaranta suna nan birjik a kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma kusan babu garejin da ba a san cikinta ba. Injinta mai silinda huɗu, wanda Toyota ke kira 2AZ-FE, mai girman lita 2.4, da sarƙa yake aiki a maimakon bel, don haka ya hutar da kai daga wani babban kashe kuɗi da masu wasu motocin suke yi lokaci-lokaci. Shekarun da ta yi maka lafiya ƙalau shaida ne a kan haka. Sai dai mota ce da ta haura shekara 20 da ƙira, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: robobi suna bushewa, bututun ruwa suna tsagewa, abin da bai lalace bara ba zai nemi gyara bana. Ka kuma duba agogon tafiyarta da kyau, domin motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil suke ƙirga, mil 1 kuwa ya ɗan haura kilomita 1.6, wato idan ka ga 200,000 a rubuce, ta ci wajen kilomita 320,000 ke nan. A kan wannan tsufa ne tsadar rayuwa ta sauka. Kafin a janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai Naira 200 ba a farashin gwamnati, amma kafin ƙarshen 2024 ta haura Naira 1,000 a gidajen mai da yawa, dala kuma da take wajen Naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024, kuma kusan duk kayan gyaran motarka daga waje ake shigo da su. Wani kaso na nauyin da kake ji daga nan ya fito, ba daga motar ko daga sakacinka ba.

To amma akwai abu ɗaya a wasiƙarka da ya sa na tsaya, wato sauke tof sau biyu da aka yi ba tare da ruwa ya daina raguwa ba. Wannan inji yana da wani rauni da masu gyara suka daɗe da sani, musamman a motocin waɗannan shekarun. Gangar jikin injin, wadda ake kira bulok, ta alminiyam ce, kuma dogayen ƙusoshi 10 masu zare ne suke danne tof a kanta. Idan injin ya sha zafi ya huce shekara da shekaru, balle kuma a ce ya tafasa, zaren da ke cikin wasu ramukan, galibi na ɓangaren baya, yakan cinye, sai ƙusa ta kasa riƙewa yadda ya kamata. Daga nan ko an sa gasket mafi tsada a kasuwa, ba a daɗewa zai saki, domin abin da zai danne shi ya riga ya yi sako-sako. Ban ga motarka ba, kuma akwai wasu dalilan da sukan haifar da irin wannan alama, kamar tof da zafi ya karkatar ba a kai an daidaita fuskarsa ba, ko tof da ya tsage, ko ɗaurin ƙusoshi da aka yi da ƙarfin hannu kawai ba da sifana mai awo ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne kowane ɗaya daga cikin waɗannan ana iya gano shi da gwaji, kuma cinyewar zaren ma tana da gyara: ana faɗaɗa ramin a dasa masa sabon zare na ƙarfe, aikin da yakan zo da sauƙin kuɗi a kan sayen inji idan an samu gwanin da ke da kayan aikin.

Cire tamostat da haɗa fanka kai-tsaye kuwa, al'ada ce da ta yaɗu a garejojinmu bisa zaton cewa an yi tamostat ne don ƙasashen sanyi. Ina ganin wannan zato yana cikin abubuwan da suka fi cutar da masu tsofaffin motoci a Arewa. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin da aka tsara masa, wajen digiri 80 zuwa 84 a irin motarka, sannan ya buɗe ya bar shi ya zagaya lagireto. Idan aka cire shi, injin yakan daɗe bai kai wannan zafi ba, musamman da safe a lokacin hunturu, ita kuma kwamfutar motar sai ta ɗauka har yanzu injin a sanyaye yake, ta ci gaba da zuba masa fetur fiye da kima. Ƙarin shan man da kake kuka da shi yana iya zama daga nan ya faro. Fankar da ba ta hutawa kuma tana gajiyar da kanta, tana ɗora wa batir da abin cajinsa nauyi, sannan mafi muni, tana rufe maka alamar cutar, allurar zafi ta zauna lafiya alhali ruwa yana ci gaba da tsiyaya. Idan kuma ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse ake zubawa a lagireto, to yana barin tsatsa da ƙasa-ƙasa da ke toshe ƙananan hanyoyin ruwa, har sabon lagireton ma ya koma gidan jiya cikin 'yan watanni.

Fizgar giya kada ta firgita ka tukuna. Ka zaro sandar awon man giyar ka goga a farar takarda: idan ja ne mai haske, da sauran magana, idan ya yi baƙi yana ƙauri, akwai damuwa. Giyar wannan mota man da ake kira T-IV take so, kuma zuba mata wani iri daban kaɗai ya isa ya sa ta fizga. Haka ma robar da ke riƙe da inji idan ta yage, ko injin da kansa idan wata silinda ba ta ƙona mai daidai saboda ruwa yana shiga, duk suna iya sa ka ji kamar giya ce ta lalace.

Abu na farko da nake roƙonka, tun kafin a zo kan lissafi, shi ne kada ka sake ɗaukar Hajiya a motar nan sai an tabbatar da lafiyarta. Dattijuwa mai ciwon suga da hawan jini ba ta da juriyar tsayuwa a gefen titi cikin ranar Kano, wataƙila ma da yunwa idan an ce ta je gwaji ba ta karya ba. Zuwa asibiti sau ɗaya ne a wata, ana kuma sanin ranar tun da wuri, saboda haka ka nemi amintaccen direba guda a unguwarku ku yi yarjejeniya ya riƙa zuwa har ƙofar gida, ko kuma yayanka ya bayar da tasa motar idan yana da ita. Hajiya mahaifiyarku ce ku duka, kuma babu laifi ka ce wa 'yan'uwanka a raba kuɗin wannan zirga-zirga. Da zarar ka raba maganar asibiti da maganar mota, za ka ga rabin tsoron da ke hana ka yin tunani a natse ya tafi.

Abu na biyu, ka dakatar da duk wani sabon kashe kuɗi a kanta in ban da kuɗin gwaji. Ka nemi gareji mai kayan awo, ka ce a yi maka abubuwa huɗu, a kuma rubuta maka sakamakon a takarda. A auna ƙarfin matsin kowace silinda, domin idan ɗaya ko biyu da ke maƙwabtaka sun yi ƙasa sosai da sauran, an san inda matsalar take. A hura iska a hanyar ruwa da famfon gwaji a ga ko tana riƙewa, idan kuma ba ta riƙewa, a bi a ga ta ina take fita. A gwada ko hayaƙin inji yana shiga cikin ruwan lagireto, wanda ake yi da wani ruwan gwaji mai canza launi. Sannan a jona mata kwamfuta, domin duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da wurin jona wannan na'ura a ƙarƙashin sitiyari, kuma za ta faɗi abin da inji da giya suka adana na ƙorafi. Kai ma da kanka, da safe kafin ka tayar da ita, ka buɗe murfin baƙin mai ka ga ko akwai wani abu mai kama da shayi da madara a jikinsa, ka buɗe murfin lagireto ka tayar da injin ka ga ko kumfa tana tasowa ba ƙaƙƙautawa, ka kuma lura ko farin hayaƙi mai kauri yana ci gaba da fita ta salansa bayan motar ta yi ɗumi. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto injin yana da zafi, domin ruwan yakan yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. Tun da an ɗaga ta, a duba maka ƙasanta ko tsatsa ta ci, a girgiza ƙafafun, a duba bututun birki.

Na san a nan ne za ka ce, to yaya zan yi da ɗan kawuna? Ban ga wani abu a wasiƙarka da ya nuna yana cutarka da gangan ba, kuma ba na so ka shiga garejinsa da zargi a fuskarka. Yawancin bakanikanmu sun koyi sana'a ne a hannun iyayen gidan da suka ƙware a Peugeot 504 da 505 masu kafireto, inda kunne da hannu suke isa a gano cuta, kuma da yawansu ba su da kuɗin sayen kayan awo. Wanda ba shi da abin awo kuwa, dole ya riƙa canza kaya ɗaya bayan ɗaya yana fatan a dace, mai mota yana biya. Mai yiwuwa ma shi kansa yana cikin damuwa, yana jin kunyar ya ce maka abin ya fi ƙarfinsa, shi ya sa ya koma ga maganar sabon inji, wadda ita ce mafitar da ba ta buƙatar bayani. Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban yaransa ba, ka gode masa kan shekarun da ya yi yana kula da motar, sannan ka ce masa kuɗin inji ba ƙaramin abu ba ne, kana so kafin a kai ga haka ku je tare a auna ta a wurin masu na'ura. Ka ce ku je tare, domin wannan yana kare masa mutuncinsa, shi ma kuma zai ƙaru. Idan ya amince, ka samu bakanike da ya fi na da. Idan ya nuna ɓacin rai, ka yi haƙuri da shi, ka kai motarka duk da haka, ka ci gaba da kai masa ƙananan ayyuka irin su juye da birki, ka kuma ci gaba da zuwa gidansa kamar yadda ka saba. Kawunka ba zai ji daɗi ba idan ya san kuɗin makarantar jikokinsa ne ke tafiya saboda kara.

Game da maiɗakinka, ina ganin ita ce ta fi kowa haƙƙi a wannan magana, kuma ita ce aka fi bari a baya. Matar da ta miƙa maka kwasar adashenta sau biyu ta riga ta nuna maka ba ta ƙi motar ba, kuma ba ta raina ka ba. Kuɗin adashe ba a tara shi a banza, da wata manufa take zubi, ko jari, ko kayan ɗaki, ko tanadin 'ya'ya, ta ajiye wannan manufa saboda kai, sannan ta ga motar ta koma gareji. Da ta ce a sayar, abin da take faɗa maka shi ne ta gaji da zuba ruwa a kwando ba tare da ta san ranar ƙarewa ba. Dukiyarta tata ce a shari'a, saboda haka ka tambaye ta a fili ko rance ta ba ka ko kyauta, idan ta yi kara ta ce kyauta ce, ni dai ina ba ka shawara ka ɗauke shi bashi, ka faɗa mata abin da za ka riƙa mayar mata duk wata, ko da kaɗan ne, ka kuma cika. Sannan ku zauna tare da takarda da biro ku tuno duk abin da aka kashe. Bisa ƙiyasinka, Naira 700,000 a wata 14 ta kama Naira 50,000 ke nan duk wata a gyara kaɗai, ban da fetur, ban da sabunta takardu, ban da inshorar dole da ta koma Naira 15,000 tun Janairun 2023. A ɗaya gefen takardar ku rubuta abin da gidan zai kashe a wata idan babu mota: zuwanka makaranta da dawowa, kai yara, cefane, asibitin Hajiya, da ziyarar dangi. Ku kuma amince tun yanzu a kan wani adadi da ba za a wuce shi ba a gyaran da ke tafe. Idan ta ga da ita aka sa iyakar, zai yi wuya ta ci gaba da kallon motar a matsayin kishiya.

Sakamakon gwajin ne zai faɗa maka hanyar da za ka bi. Idan ya nuna cewa matsalar a tof ko a zaren ƙusoshi take, silindu suna da ƙarfi, giya lafiyarta ƙalau, ƙasan motar kuma babu tsatsa, to ra'ayina shi ne ka gyara ta gyara ɗaya mai kyau ka riƙe abarka. A kai tof a gwada shi a daidaita fuskarsa, a dasa sabon zare, a ɗaure da sifana mai awo bisa tsarin da kamfanin ya tanada, a mayar da tamostat, a mayar da fanka kan tsarinta na asali, a sa sabon murfin lagireto, a zuba ruwan lagireto na musamman da ake kira kulant. Motar da ka san tarihinta na shekaru, ka san abin da aka canza mata da abin da ba a canza ba, tana da wata daraja da ba a ganin ta a farashin kasuwa.

Idan kuwa bulok ɗin ya tsage ko silindu sun gaji, amma giya da jiki suna da kyau, a nan ne maganar ɗan kawunka ta injin Beljiyam za ta zama daidai, sai dai a yi ta da ido a buɗe. Injin da za a sayar maka sa'an naka ne a shekaru, kuma raunin da na ambata yana iya kasancewa a jikinsa. Ka taya a shago uku kafin ka biya, ka je da wanda ya san inji, ku leƙa ta murfin baƙin mai ku ga ko cikinsa ya yi baƙin daskararren datti, ku kuma yi hattara da injin da ya gama aiki a nan gida aka wanke shi aka fesa masa fenti. Ka sa a rubuta maka a rasit kwanakin gwaji da sharaɗin canzawa idan bai yi ba, a kuma rubuta lambar injin. Kada a ɗora shi a kan tsohuwar hanyar ruwan da ta kashe na farko.

Idan kuma inji da giya duka sun nuna gajiya, har kuɗin gyaransu ya doshi rabin abin da motar za ta yi a kasuwa bayan an gyara, to maiɗakinka ce ta yi gaskiya, ka sayar. Ka faɗa wa mai saye duk aibinta, ka nuna masa takardar gwajin, domin ɓoye aibi a ciniki haramun ne, kuma ba na so kuɗin da asalinsa gadon mahaifinka ne ya gauraya da abin da zai cire masa albarka. Za ka samu ƙasa da abin da dillali zai ce maka za a iya samu idan an yi shiru, amma akwai bakanikai da masu sayen mota don gyarawa da suke neman irinta da saninsu.

Shawarar yayanka ta fito daga son ya ga ka huta, sai dai ita ce na fi jin tsoro a cikin ukun. Muscle, wato Camry ta 2007 zuwa 2011, ita ma ta tsufa, kuma ƙirar 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu wannan injin na 2AZ-FE ne a cikinta, wanda a waɗannan shekarun ya yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai saboda matsalar fistin da ringinsa, har sai da Toyota ta tsawaita garantin gyaransa a Amurka. Kana iya cin bashi ka sayi motar da ba ka san abin da mai ita na baya ya ɓoye ba, ka wayi gari kana biyan bashi kana kuma biyan bakanike daga albashi ɗaya, an gudu ke nan ba a tsira ba. Idan wata rana ka ga lallai sai ka canza, ka haɗa kuɗin tsohuwar da abin da ka tara, idan kuma sai an nemi ƙari, ka fara duba ƙungiyar taimakon kai da kai ta malamai ko bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ, ka lissafa ko abin da za a riƙa cira duk wata zai bar gidanka da abinci da kuɗin makaranta. Ka kuma yi wa motar da za ka saya irin gwajin nan huɗu kafin ka biya, ka tabbatar da takardun kwastam, ka gwada lambar jikinta mai haruffa da alƙaluma 17 da wadda ke cikin takarda.

Maganar gado kuwa, na fahimce ta, kuma ba zan ce maka ƙaramar magana ba ce. Mutum yakan ji kamar yana tare da mahaifinsa muddin abin da ya saya da guminsa yana ƙofar gida. Amma ka tuna abin da kason nan ya riga ya yi: shekara da shekaru yana kai matar marigayin asibiti, yana kai jikokinsa makaranta, yana kai ka wurin neman halal. Idan ƙarfen ya gaji aka sayar, kuɗin yana iya komawa jari a hannun maiɗakinka, ko kafin alƙalami na fili, ko wani ɓangare ya tafi sadaka da sunan mahaifinku, wadda ita ce za ta same shi a inda yake. Ɗalibanka kuma, na tabbata da yawansu a Adaidaita Sahu ko a ƙafa iyayensu suke fita nema, kuma tun bayan tashin kuɗin mai manyan ma'aikata da yawa sun ajiye motocinsu a gida suna fita da su ranar da ta zama dole kawai. Wannan ma hanya ce da za ka iya bi ko da an gyara ta: ka riƙa zuwa makaranta a abin haya ko ku haɗa kuɗin mai da abokan aikin da kuke unguwa ɗaya, motar ta zama ta asibiti da fitar iyali.

Idan Allah Ya sa ta zauna a hannunka, ka canza yadda kake riƙonta. Ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye a cikinta, duk abin da aka yi mata ka rubuta rana da kuɗi da abin da agogo ya nuna. Ka riƙa yin juye duk kilomita 5,000 ko wata 6, wanda ya riga zuwa, da mai mai kyau daga wurin da ka amince da shi. Kamfanin 5W-30 ya rubuta wa wannan inji, kuma bai wuce lita 4 yake ci ba. A lokacin ƙura ka yawaita duba matatar iska. Duk ranar Asabar da safe ka duba ruwa da baƙin mai da man birki, aikin da bai fi minti biyar ba. Idan za ka sayi taya, ka karanta alƙaluma huɗu na ƙarshe da ke gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 tana nufin mako na 23 a 2019, domin tayar Beljiyam mai kyan gani tana iya zama ta tsufa ta bushe. Ranar da allurar zafi ta haura inda ta saba tsayawa, ka gangara gefe ka kashe injin nan take, ko da saura ƙiris ka isa gida. Kuma duk ƙarshen wata ka ware wani abu a asusun mota, ka ba maiɗakinka ajiyarsa, yadda ranar da gyara ya taso ba sai an taɓa kuɗin cefane ko adashen kowa ba.

A wannan makon, Malam, ka yi magana da maiɗakinka tun kafin ka je wurin ɗan kawunka, ka kuma shirya wanda zai kai Hajiya asibiti a ranarta mai zuwa. Idan an yi gwajin, ka aiko mini da abin da aka rubuta na matsin silindu huɗun da abin da kwamfuta ta nuna, da farashin da aka yanka maka na dasa zare da na inji, sai mu sake duba lissafin tare. Ka gaida Hajiya da jiki.